Zulaihatu Ba Ta Cin Kayan Zaƙi

Idan ka shiga unguwar Yalwawa ta Dutse a yau ka tambayi gidan Goggo Zulai mai kek, ko baƙon ɗan sahu zai kai ka har ƙofa. Suna ne, walima ce, ɗaurin aure ne, in babu kek ɗinta a faranti sai mata su koma gida suna cewa an yi rowa. To amma wannan matar ce ta yi shekara takwas cur tana shaida wa duniya cewa ita ba ta cin kayan zaƙi. Ba gwanar ƙarya ba ce kuwa. Fulako ne ya kai ta ya baro.

Zulaihatu 'yar Modibbo Abdurrahman ce, wani malamin Fulani a can gefen Kafin Hausa, mai tarin littattafai da garken shanu, kuma kowanne ya san shi da sunansa. Abu biyu aka dasa mata a gidan nan tun ba ta san hagu da dama ba. Na farko, ba a karɓar ilimi sai an san daga bakin wa ya fito, shi kuma daga wa ya ji. Na biyu, ɗan mutunci ba ya nuna kwaɗayi. Ko cikinka na kiran ciroma, idan aka ajiye maka abinci a gidan mutane, sai ka kau da kai ka ce yanzun nan ka tsame hannu daga akushi. Ta riƙe darussan nan biyu gam, ba ta taɓa zaton wata rana za su yi karo da juna ba. Ita ce fa wadda har yau ba a taɓa jin sunan 'yarta ta fari, Nuriyya, a bakinta ba, sai dai "yarinyar nan".

A 1991, da aka yanko Jihar Jigawa daga Kano, aka ce kowane ma'aikaci ya nufi jiharsa. Cikinsu har da mijinta, Malam Nata'ala, akawu a wata ma'aikata, mutum mai sanyin hali da son shayi. Dutse a lokacin duwatsu da bishiyoyin dabino sun fi gidajen haya yawa, har manyan ma'aikata kan kwana a Kano su yi sammako. Da ƙyar da jiɓin goshi Malam ya samu ciki da falo a Yalwawa. Katanga ɗaya ce tsakaninsu da Malama Alheri, 'yar Kaltungo, malamar firamare, mijinta safiyo ne, mai auna filaye, a wata hukumar tarayya. Katangar gajera ce, in mace ta kife turmi ta taka za ta iya miƙa wa maƙwabciyarta gishiri.

Ta kan katangar nan aka ƙulla zumunci. Duk sati biyu yayar Zulaihatu, Adda Hindatu, kan ba direban bas saƙon robar kindirmo da curin ɗanyen man shanu daga gida. Ita kuwa Zulaihatu ta zauna Kano shekara biyu, ido ya buɗe, ta fara ganin man shanu kayan ƙauye ne, matar ma'aikaci sai man kwalba da botar gwangwani. Sai ta ɗebi ɗan na miyar kuka, sauran ta taka turmi ta miƙa wa Alheri. Ga lada, ga rage kaya.

Ranar Kirsimeti ta 1992 aka miƙo faranti ta katanga: shinkafa, cinyar kaza, a gefe kuma yanka huɗu na kek mai launin zuma. Malam yana Kano ranar. Zulaihatu ta taɓa cin kek na shago, irin mai shaƙe wuya sai an kora da ruwa, don haka ta ɗan gutsira ne kawai kada a ce ta raina kyauta. Daga nan ba ta san inda hankalinta ya tafi ba. Ga laushi, ga wani ɗan tsami-tsami da ya laɓe a ƙarƙashin zaƙin, ga wani ƙamshi da ya tuna mata da wani abu, ta yi ta yi ta kasa kama ko mene ne. Ta cinye yanka huɗun nan a tsaye a bayan ƙofa, ta tsince ɓurɓushi, ta lashe yatsa.

Washegari ta mayar da farantin da dabino a ciki, tunda ba a mayar da kwano wayam. Alheri ta leƙo tana murmushi.

"Maman Nuriyya, ya kika ji kek ɗin?"

Nan fa jinin Modibbo ya motsa. A ce ita ta buɗe baki ta yabi abinci kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba?

"Ayya Malama, an gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai ni ba na cin kayan zaƙi. Baƙi muka yi, su na ba."

"Ashsha! Maigidan fa?"

"Shi ai likita ya hana shi sukari."

Malam Nata'alan da ke jefa ƙwaya biyar a kofin shayi ɗaya, ya kuma ɗanɗana ya ƙara ta shida.

"To gara da kika faɗa mini," in ji Alheri. "Ba zan ƙara takura muku ba."

Ta kuwa cika alkawari. Daga ranar, shinkafa na tsallako katanga, nama na tsallakowa, kek kuwa sai dai ƙamshinsa. Magana zarar bunu ce. Zulaihatu ta sauko daga kan turmi tana ji kamar ta mari kanta. So take ta ƙara jin ɗanɗanon nan a bakinta, so na gaske, irin wanda yake tashin mutum daga gyangyaɗi. Ga mai sirrin nan taku uku daga murhunta, amma da bakinta ta toshe hanya.

Da ta gaya wa Malam abin da ya faru, sai da ya ajiye kofi ya yi dariya har da tari.

"Zulai, ki je ki tambaye ta mana. Matambayi ba ya ɓata."

"Da wane bakin, Malam? Jiya in ce ba na ci, yau in ce koya mini? Ai sai ta ce Bafulatanar nan mayya ce. Ilimi ne fa, ba ita ta ƙago shi ba. Inda ta samo, ni ma zan samo."

Ta sayi littafin rubutu mai layi, ta ware shi don wannan fanni, tana rubutawa da ajami. Kamar yadda ta ga ana yi a zauren mahaifinta, kowane bayani sai ta fara da daga wa ta ji, shi kuma daga wa ya samo, a ƙarshe ta yanke masa hukunci: ingantacce ne ko mai rauni. Ba ta da oben, sai tukunyar ƙarfe da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Kuma ba ta hura wutar kek sai tsakanin ƙarfe takwas da ƙarfe ɗaya, lokacin da Alheri take makaranta.

Malaminta na farko mai tsire ne, shi ma bai sani ba. Malam ya dawo da tsire ƙunshe a takardar jarida, sai ga hoton kek a jiki da bayani da Turanci. Ya gyara tabarau, ya shiga fassara da Turancinsa na ofis.

"An ce kofi biyu na fulawa."

In ka cire na shayin Malam, kofi a gidan nan guda ɗaya ne, na silba, wanda yake kan randa, in ka shanye shi sai ka nemi wurin zama.

"An ce a yi wa ƙwai duka har sai ya yi fari. Sai kuma bekin hoda, cokalin... ko na shayi ko na tebur, maiƙo ya cinye wurin."

Tunda su ba su da tebur balle cokalinsa, Zulaihatu ta yi ƙiyasi cewa cokalin da aka jingina wa tebur ba ƙarami ba ne, ta ɗauko ludayi. Kek ɗin ya tashi har ya ture murfi, ya zubar da garwashi, sannan ya koma ya kwanta kamar wanda aka kora daga aiki. Ɗaci kuwa sai ka ce maɗaci. Malam ya ci loma ɗaya, ya dubi sama ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin." Ita kuma ta rubuta: ruwayar mai tsire, mai rauni.

Sai ta koma wa rediyo. Akwai shirin mata da hantsi, wata mai zaƙin murya tana koyar da girki. Zulaihatu ta zauna da biro, ta hana yarinyar nan motsi. Mai shirin ta ce a samu fulawa daidai misali, a zuba sukari daidai misali, a fasa ƙwai gwargwadon hali, a gasa har sai ya yi. Zulaihatu ta dubi rediyon ta ce, "Baiwar Allah, ai misalin nake nema!" Wannan ko hukunci ba ta ɓata tawada ta yi masa ba.

Na uku ya zo da alamar ƙarfi. Mu'minatu, ƙanwar Malam, ta zo hutu daga makarantar kwana da littafinta na darasin girke-girke, rubutu tsaf, an ja layi da jan biro, malama ta ba da maki tara cikin goma. Zulaihatu ta tsare ta da tambaya irin ta gidansu.

"Ke kin taɓa gasa shi?"

"A'a Yaya, a allo muka kwafa."

"Malamar taku fa?"

"Ita ma daga littafi take karanto mana. Oben ɗin makarantar tun kafin mu shiga ya lalace."

Wato ɗaliba ta ji daga malama, malama ta ji daga littafi, mai littafin kuma wani Bature ne da Allah kaɗai ya san ko ya taɓa ganin garwashi. Duk da haka ta gwada. Ya fito da kyan gani, sai dai da aka jefa wa kaji sai suka zagaye shi suka wuce.

Haka aka yi ta yi. Malam ya sayo mata wani littafi mai hotuna daga Kano, wanda rabin kayan da yake kira ko sunansu ba a taɓa ji a kasuwar Shuwarin ba. Ta karɓi bayani daga matar wani direba, daga wata mai jego da ta zauna Legas, daga bayan kwalin bekin hoda. Sun saɓa a kan komai, amma abu ɗaya suka haɗu a kai: sai da bota. Don haka ko a shekarun da kananzir ma sai an yi layi, Zulaihatu kan haƙura da sabon zani ta sayi botar gwangwani. Saƙon Adda Hindatu kuwa yana zuwa, tana taka turmi tana miƙawa.

Wajen 1997 hannunta ya faɗa. Kek ɗinta ya zama abin ci, har Malam kan ɓoye yanka biyu a aljihu ya tafi ofis. Amma ita ta san ba shi ba ne. Duk Disamba ƙamshin nan zai tsallako katanga ya same ta har ƙuryar ɗaki, yarinyar nan kuma ta dawo daga gidan Alheri da ɓurɓushi a haɓa tana lissafa yanka nawa ta ci. Zulaihatu takan goge mata baki da gefen zani, ta yi mata faɗan kwaɗayi, ranta kuwa yana ƙuna.

A shekara ta 2000, da aka shiga hidimar ƙaddamar da shari'a, Islamiyyar matan aure ta cika maƙil, hira ma ta sauya. Wata rana bayan an tashi, wata mata ta rage murya ta ce ai a yi hattara da kek ɗin Kiristoci, an ce giya suke zubawa, shi ya sa yake da wannan ƙamshi. Zulaihatu ta ji wani sanyi ya sauka a zuciyarta. Ashe ba gazawarta ba ce! Ashe duk shekarun nan Allah ne yake tsare ta! Ta dawo gida ta yi istigfari a kan yanka huɗu na shekara takwas da suka wuce, ta rufe littafinta ta cusa a ƙasan akwati. Matar da ta titsiye ɗaliba da tambayar daga wa kika ji, wannan ruwayar kaɗai ta karɓa ba tare da ta tambayi wa ya ce ba, saboda ta yi mata daɗi.

Ba a yi wata biyu ba Alheri ta leƙo ta katanga, fuskarta ba walwala. Tun bayan rikicin Kaduna danginsu suke matsa musu su dawo kusa da gida. A Yalwawa ko kallon banza babu wanda ya yi musu, amma hankalin tsofaffi ya ƙi kwanciya, mijin ya nemi canjin wurin aiki, an kuma ba shi. Ranar Asabar motar kaya za ta zo.

Zulaihatu ta yi kwana biyu tana juyi. Ranar Alhamis da la'asar ta yafa mayafi, ta fita ta ƙofa, ta shiga gidan Alheri ta ƙofa, abin da ba ta cika yi ba tunda turmi ya wadatar. Ta same ta cikin kwalaye tana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu. Aka gaisa, aka ƙara gaisawa, aka tambayi gajiya sau uku.

"Malama, tambaya na zo yi, don Allah kada ranki ya ɓaci. Kek ɗin nan naki... an ce wai giya ake sa masa."

Alheri ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Maman Nuriyya, shekara tara muna katanga ɗaya. Ni da ko a gidan ubana ba a shiga da ita, ni ce zan miƙo miki giya a faranti?"

Zulaihatu ta sha jin kunya a rayuwarta, irin wadda aka koya mata, ta sunkuyar da kai da ƙin ambaton suna. Wannan daban ce, wannan ciwo take yi. Hawaye ya zubo mata, da shi kuma sauran maganar ta ɓalle.

"Ki yafe ni. Ni na cinye shi, Malama. Ba baƙin da muka yi. Duka huɗun, a tsaye, a bayan ƙofa. Shekara takwas nake neman yadda ake yinsa."

Kafaɗun Alheri suka fara rawa, sai ta zauna daɓas a kan kwali tana dariya tana share ido.

"Ai na sani."

"Kin sani?"

"Baƙin naki ta sama suka sauko? Yini na yi a tsakar gida ranar, ko sallama ban ji ba. Ga ƙauri yana tarye ni duk ranar da aka tashe mu da wuri. Nuriyya kuma tun tana shekara huɗu ta ce mini Innarta tana yin kek ɗin da kaji ba sa ci."

"To me ya hana ki yi magana?"

"In na yi, da kin ƙara taka turmin nan? Na zauna da Fulani a garinmu, na san halinku. Na ce bari in jira ki tambaya. Ban san za ki kai ni har ranar ɗaure kaya ba."

Ta miƙe ta kwance kwalin da ta gama ɗaurewa, ta fito da roba da muciya da wani tsohon gwangwanin madara da ya lotsa a gefe. Shi ne ma'auninta, ba kofi ba cokalin tebur. Zulaihatu ta ruga gida ta dawo da botarta, ta ajiye da alfahari. Alheri ta juya gwangwanin botar ta ce, "Wannan kuma na mene ne?" Ta shiga ɗaki ta fito da curin man shanu da robar kindirmo, waɗanda Zulaihatu ta miƙo mata da hannunta ranar Talata.

"Ni tunda na zo Dutse ban taɓa sa bota a kek ba. Wanda nake yi a garinmu ma bai kai wannan ba, sai da na samu man Addarki. Na ɗauka tun a lomar farko kin gane. Ai ƙamshin gidanku ne."

Zulaihatu ta tsaya riƙe da muciya. Sai a lokacin ta kama abin da ya yi shekara takwas yana kuɓuce mata: ɗakin Innarta ne da safe, bayan an gama kaɗa nono, ƙwarya a buɗe. Ta nemi abin nan a jarida, a rediyo, a Kano, har a bakin matar direba, alhali duk sati biyu bas yake kawo mata shi har gida, ita kuma ta tsallakar da shi katanga don ta rage kaya.

Suka kwaɓa tare, suka gasa a tukunyar Zulaihatu tunda ta Alheri tana ƙasan kaya. Da ya fito, Alheri ta yanka ta miƙa mata.

"Ya kika ji?"

Zulaihatu ta buɗe baki, tsohon hali ya taso har maƙogwaro, ta haɗiye shi tare da lomar.

"Da daɗi, Malama. Wallahi da daɗi. Ƙaro mini."

Ranar Asabar mota ta tashi. Alheri ta bar mata gwangwanin da ya lotsa, ta ce ita yanzu ba shi da amfani a wurinta, ina za ta samu man Adda Hindatu? Zulaihatu ta zaro littafinta daga ƙasan akwati ta rubuta shafin ƙarshe: na ji daga Alheri 'yar Kaltungo, ita kuma ta samo daga shanun Modibbo. Ingantacce.

Da Disamba ta zagayo ta gasa shi ita kaɗai, ya fito daidai, ba ragi ba ƙari. Ta yanka huɗu ta jera a faranti, ta rufe, har ta taka turmi kafin ta tuna. Tsakar gidan can babu kowa, sai igiyar shanya da busasshen ganyen dabino. Ta daɗe a tsaye da farantin a hannu, kewa ta cika mata ciki har ta kasa cin ko ɓurɓushi.

Yanzu 'yan mata kan zo koyo wurinta, kowacce da waya cike da bayanin kek daga ko'ina a duniya. Ba ta hana su dubawa, sai dai ta tambaya ko mai bayanin ta taɓa gasawa. Amma kafin a taɓa fulawa sai ta yanka ta miƙa wa yarinya. Idan aka samu mai kunyar da ta sunkuyar da kai ta ce ta ƙoshi, ko ba ta cin kayan zaƙi, sai Goggo Zulai ta tura mata farantin gabanta.

"Ci, 'yar nan, ki kuma ce da daɗi in da daɗi. Ni na riga ki yin wannan ƙaryar. Shekara tara muna katanga ɗaya da wadda ta koya mini, sau ɗaya tak muka kwaɓa tare."